Saƙonnin murya sun ƙi buɗewa

Tambaya: Salam Malam, albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 ta Legas, kwastomomi kullum saƙon murya suke turo min a WhatsApp, na kwashe su zuwa laftof mai Linux na sa a filas amma rediyon motata ya ƙi karanta su, ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ai saƙonnin nau'in fayil ɗin sauti na .opus ne, wanda rediyonka bai iya karantawa ba, shi ya sa. Buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta ffmpeg -i sako.opus sako.mp3 (ka sa sunan fayil ɗinka a maimakon sako), shikenan manhajar ffmpeg ta mayar da shi mp3. Kwanan wata na jikin sunan fayil, umarnin ls PTT-202403* zai zaƙulo maka na Maris 2024 kaɗai. Amma rm, umarnin goge fayil, kam a yi hattara, abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara, gara ka tura su wata folda da umarnin mv tukunna, balle na masu bashi.