Ya dace ƙungiyar ƙwallon kwando ta ɗauki tsohon ɗan tsakiya da ƙarfinsa ya fara ja baya?

Malam, tambayarka ita ce ko a sa hannu da dogon ɗan tsakiyar da shekaru suka cim masa, wato ɗan wasan da ke tsayawa kusa da kwando. Amsa ta dogara ga aikin da za a ba shi da tsawon kwantiragin.

Abin da ke fara tafiya shi ne ƙafa. Tsayi yana nan, hannu yana nan, amma matsawa gefe da sauri ta ragu. Abokan hamayya za su riƙa jawo shi waje, ɗaya ya tare hanyar wanda ke gadin mai ƙwallo, mai ƙwallon ya zille ya jefa daga layin maki uku tun kafin ya iso. A wasannin fitar da gwani kowane hari ta kansa zai bi.

Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya koma ƙungiyar Toronto a 2001 yana da shekara 38, da kwantiragin shekara uku. Kaka ɗaya ya buga, maki 7.1 a wasa, ciwon baya ya sa ya ajiye. Shaquille O'Neal ma wasa 37 kawai ya yi wa Boston a kakar 2010/11.

Dwight Howard kuwa, Lakers sun ɗauke shi a 2019 da kwantiragi mara garanti, yana tashi daga benci, yana tsare kwando yana kwashe ƙwallon da ta dawo. Sun ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2020.

Don haka a ɗauke shi shekara ɗaya, albashi mafi ƙanƙanta, minti 15 zuwa 18 a wasa, a hutar da shi idan wasanni suka zo a jere dare biyu. Likita ya fara duba gwiwa da baya da jijiyar dunduniya.