Amsa: Murya na kakkatsewa a taron Zoom alhali intanet na da gudu

Ka ce intanet ɗinka na kai megabit 40, amma da kun shiga taro a Zoom kuna gyara takarda tare sai murya ta riƙa kakkatsewa. Malam, gudun ya wadatar. Abin da ke damunka jinkiri ne da rashin isowar bayanai a kan kari. Murya ba ta cin ko kilobit 100 a daƙiƙa, amma ba ta da haƙuri: ƙunshin bayanan da ya makara jefar da shi ake yi, shi ne giɓin da kake ji. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin tafiya ɗaya ya wuce milisakan 150. In ya haura 400, kowa sai ya dinga taka maganar ɗan'uwansa. Ka bar Wi-Fi, ka jona kwamfutarka da kebul, sannan ka kunna QoS, wato saitin da ke fifita wasu bayanai a kan wasu, a na'urar raba intanet ɗin don murya ta sha gaban sauran.

Sai dai QoS iyakacinsa gidanka ko ofishinka, ba ya da iko da layin kamfanin da ke ba ka intanet. Ni ma na sha wannan wahalar. Ashe wayar wani abokin aiki ce ke tura hotunan biki zuwa Google Photos, ta cinye hanyar aikawa gaba ɗaya, wadda dama ta fi ta saukewa ƙanƙanta. Yana kashe ta, murya ta dawo tas. In an yi haka bai gyaru ba, ku kashe kyamara, ku bar murya da allon da kuke aiki a kai.