Tambaya da Amsa: Wai 1,000,001 ba ta rabuwa?

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12 nan Legas. Yarona ya dawo daga makaranta yana ta cika baki wai lambar 1,000,001 ba abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta, na danna kalkuleta har na gaji ban kama shi ba. Gaskiya ya faɗa?

AMSA: Wa'alaikumussalam Alhaji. Yaron ya yi ƙoƙari amma dai bai ci ba. Irin lambar da yake nufi ƴan lissafi na ce mata firam, kamar 7 ko 13. Ita kuwa 1,000,001 kama kawai ta yi musu, mara ce don haka 2 ba ta shiga, ba ta ƙare da 0 ko 5 ba don haka 5 ma ba ta shiga, sannan 3 da 7 da 11 da 13 duk saura 2 suke bari saboda maƙwabciyarta 999,999 ce suke rabawa cif, to ka ga dole ka gaji. Da ka daure ka kai 101 da ka kama shi, 101 sau 9,901 shi ne 1,000,001 ba ko kwabo a sama. Su biyun nan kuma firam ne, kenan lambobi huɗu kacal ke raba ta: 1, 101, 9,901 da ita kanta.

Amma kar ka yi masa dariya fa, kusa ya harba. 1,000,003 firam ce ta gaske, ita ce ma ta farko bayan miliyan.