Amsa: Ko mai koyar da jifa a sofbol sai ta taɓa bugawa?

Malama, kin tambaya ko masu koyar da jifa a sofbol (wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda) na jami'o'in Amurka sun taɓa bugawa da kansu. Galibi sun buga. Ga Jennifer Rocha, mai koyar da jifa: ita ma mai jifa ce a Jami'ar Oklahoma tun tana ɗaliba. Daga baya ta koyar a Jami'ar Florida ƙarƙashin babban koci Tim Walton, suka ɗauki kofin ƙasa a 2014 da 2015. A 2018 ta koma gida Oklahoma wajen babbar koci Patty Gasso, suka ɗauki kofi huɗu a jere, 2021 zuwa 2024.

Ni dai ban ga mamaki ba. Jifan nan ta ƙasa ake sakinsa, hannu ya zagayo gaba ɗaya ya goga cinya, daga tazarar ƙafa 43 zuwa wajen mai bugun ƙwallon. Wanda bai taɓa ji a kafaɗarsa ba, da wuya ya gyara wa wata.