Kayan Panteka za su yi a babur ɗin tsere?

Tambaya: Yallaɓai ina da tsohuwar Yamaha DT175, so nake in shiga tseren kan turɓaya da ita, kayan Panteka, kasuwar kayan gyara ta Kaduna, za su yi kuwa? Daga Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Za su yi ɗan'uwa, amma fa ba duka ba. Fistin, filogi da taya ka sa na kowane kamfani in dai lambar ta dace, birki kam kar ka yi masa arha, gwanjon birki rai yake ci wallahi. Kafin tsere cire madubi, fitila da jak, a sa makunnin kashe inji a kan hannun babur, hular kwano da doguwar but kuma dole ne.