Abin da shuɗin tamfol ya ja mini a bakin kogi

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka cewa tamfol ɗin rumfar jirginka ya rududduge, kana son sauya shi kafin damina ta kankama, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin baƙi da shuɗi mai duhu da fari. Wallahi da na karanta sai na ji kamar da bakina kake magana, domin wannan ruɗanin ne ya taɓa jefa ni cikin kunyar da har yau ban gama wartsakewa daga gare ta ba. Ni ma fito nake yi a Kogin Haɗeja ta wajen Ringim, kuma tamfol huɗu na sauya kafin na gane inda gizo yake saƙa.

A daminar 2022, lokacin da ambaliya ta yanke hanyoyi a Jigawa har mutane suka koma dogaro da kwale-kwale, aiki ya yi mana yawa, na sami 'yan kuɗi, sai na ce bari in gyara rumfa domin fasinja su ji daɗi. Na shiga Kano, na faɗa hannun wani mai shago da ya shimfiɗa mini wani yadi mai kauri, shuɗi mai duhu kamar sabuwar rigar nan ta sarauta mai baƙin rini da ake kira kore, ya rantse mini cewa na ƙasar waje ne, ba ya koɗewa, ba ya zuba, ruwa ba ya ratsa shi. Na tambaye shi sau uku, sau uku yana rantsuwa, har yana cewa in bai yi ba in dawo masa da shi. Ashe farin yadin auduga ne aka tsoma a rini, aka shafe shi da wani abu mai sheƙi. Kwana tara da ɗinka shi, na ɗauko 'yan kai amarya, mata cike da jirgi, kowacce ta sha ado, ga dattawa biyu cikin farar shadda a gaba. Muna tsakiyar ruwa sai sama ta ɓalle. Ban ankara ba sai na ji wata tsohuwa tana salati, na waiga, na ga shuɗin ruwa yana ɗiga daga rumfa kamar an kifar da tukunyar marinar Ƙofar Mata a kanmu. Mayafin amarya, gyalen ƙawayenta, shaddar dattawan nan, har buhun garin da ke cikin gara, babu abin da ya tsira. Babu inda zan tsaya, babu yadda zan cire rumfa a tsakiyar kogi, haka na riƙa tuƙi ina jin maganganun da ban taɓa ji ba tun da na fara wannan sana'a. Da muka isa gaɓa, ɗaya daga cikin dattawan bai zage ni ba, kallona kawai ya yi ya ce, "Yaro, Allah ya kyauta," kuma wannan ta fi mini zafi a kan duk zagin matan. Sai da Sarkin Ruwa ya shiga tsakani, na biya kuɗin kaya uku, sauran suka yafe. Da na koma wa mai shagon da tamfol ɗinsa, sai ya ce ai an riga an yanka an ɗinka, kuma wai shi bai san a kan ruwa zan yi aiki da shi ba, alhali da bakina na gaya masa rumfar jirgi ce. Na bar shi da Allah.

Saboda haka, kafin a zo maganar wane launi, ka fara tabbatar da yadda launin ya shiga jikin yadin. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga da ƙarfi a gefensa tun kana cikin shagon. Idan ƙyallen ya ɗauki ko da ɗan alama, ka ajiye ka yi gaba. Yadin da aka zuba wa launi tun zaren yana narkakke a masana'anta, irin su Sunbrella, shi ne ba ya zuba kuma yake daɗewa bai koɗe ba, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu. Abin da muke iya saye shi ne tamfol mai rufin roba irin na manyan motoci, kuma yana yin aiki. Amma wannan shuɗin na leda mai saƙa, wanda ake shanya shinkafa a kansa, kada ka ɓata kuɗin ɗinki a kansa, domin ranar da zai sha daga bazara ɗaya zuwa wata ta ishe shi ya fara zubar da gari yana yagewa da kansa.

Baƙi kuwa, gaskiya ne yana jure rana, saboda baƙin sinadarin da ake sa masa yana kare robar daga cin rana, shi ya sa za ka ga baƙar leda ta fi fara daɗewa a waje. To amma ka tuna watan Afrilu da Mayu a ƙasar nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Baƙi da shuɗi mai duhu suna shan zafin su sauke shi a kan wanda ke ƙasa, rumfarmu kuma ba ta da tsayi, kan mutum yana dab da ita. Na ga mai jego ta fito da jaririnta daga ƙarƙashin baƙar rumfar wani abokin aikina ta gwammace ta zauna a rana ta lulluɓe shi da zane. In kuma kana ɗaukar ɗanyen kifi ko tumatir zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi, kai ma ka san abin da wannan zafin zai yi musu. Ga kashin tsuntsaye, wanda a kan baƙi yake fitowa fari fat, mu kuma a wannan fadama ba a rasa jan-baki da balbela. Da yamma kuma sauro ya fi son maƙalewa a ƙarƙashin abu mai duhu.

Bayan abin da ya same ni sai na yi fushi na sayi fari sol, na ce ko ya zuba ba zai ɓata kayan kowa ba. Ya yi sanyi, ban musa ba, amma ƙurar hunturu ta mayar da shi ja-ja cikin mako biyu, damina kuma ta zo funfuna ta yi masa ɗige-ɗigen baƙi waɗanda ko da omo da buroshi ba su fita. Ƙari a kan haka, fari marar kauri yana barin haske ya ratso, ga kuma ƙyallin ruwa daga ƙasa, sai mai tuƙi ya wuni yana ƙanƙance ido. Ja ban taɓa sa shi ba, amma duk wanda na gani a kan kogin nan, shekara ba ta zagayowa sai ya koma ruwan hoda.

Wanda nake kai yanzu ruwan ƙasa ne mai haske, kalar yashin bakin kogi, kuma da shi nake ba ka shawara, ko kuma ruwan toka mai haske in ba ka samu ba. Ƙura ba ta nunawa a jikinsa domin kusan launinsu ɗaya, ba ya dafa mutane, in ya koɗe ma ba a lura. Aibinsa guda shi ne yana sajewa da gaɓa da busasshiyar ciyawar kachala, wanda ke nesa ba ya hango ka da wuri, musamman da asuba ko cikin hazo. Shi ya sa na sa tela ya zagaye bakinsa da ƙyalle ruwan lemo mai faɗin tafin hannu, launin rigunan ceto, domin ido yana saurin kama shi a kan ruwa. Mai zanen kakin soja da ake sayarwa gwanjo kuwa, ka bar shi ko da kyauta ne, kada ka jawo wa kanka tambayoyi. Haka ma ragowar tamfol mai launin jam'iyya, sai ka ga rabin gari sun ƙi hawa jirginka.

Na manta ban faɗa ba, ka tsaya a kan telan ka ga zaren da zai yi ɗinkin da shi. Wani tamfol ɗina ba jikinsa ne ya fara mutuwa ba, ɗinkin ne ya saki, saboda an yi shi da zaren auduga wanda ruwa ya ruɓar. Ka nemi zaren foliyesta mai kauri, a ninka bakin sau biyu, a sa ƙawanya a inda igiya za ta shiga. Kuma don Allah a yi ɗaurin yadda za ka iya kwance shi da jan igiya ɗaya, domin iskar farkon damina in ta shiga ƙarƙashin rumfa tana iya kifar da jirgi, a wannan lokacin kuwa ba wanda zai tambayi launinta.

Idan za ka shiga Kano sayen, ka tafi da farin ƙyallenka da ruwa a gora, kuma kada ka bari a sa almakashi sai ka goga da hannunka.