Amsa kan jiragen Typhoon da ke tashi daga Ɗa'ifa

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko jiragen da kake jin rugugin tashinsu a Ɗa'ifa na kakkaɓo jirgi ne ko na jefa bam, kuma me ke sa wata rana sai sun ci titi mai tsawo kafin su ɗaga.

Galibinsu Typhoon ne, domin sansanin Sarki Fahad da ke nan shi ne gidansu. Saudiyya ta sayi 72 a yarjejeniyar da ta ƙulla da Ingila a 2007, na farko suka iso a 2009, na ƙarshe a 2017. Aikin biyu duk yana yi, amma abin da aka rataya masa tun a ƙasa shi ke raba gardama. Yana da marataya 13 a ƙarƙashin fukafukai da cikinsa, ga bindiga mai bakin milimita 27. In sintirin sama ne, sai makamai masu linzami na harbo jirgi da tankin mai na waje mai cin lita 1,000. In farmakin ƙasa ne, sai bama-bamai masu bin hasken leza da na'urar da ke haska musu inda za su sauka. Ba kaya, nauyinsa kusan tan 11 ne, amma yana iya tashi da tan 23 da rabi. Jirgin da ya ɗauki wannan lodi ba ya juyi kamar wanda ya fita sakayau, kwamfutarsa ma ba za ta bar matuƙi ya matsa masa ba.

Maganar titi kuwa, tudu ne da zafi. Filin jirgin Ɗa'ifa ya haura mita 1,400 daga doron teku, iskar wurin ba ta da kauri, zafin rana kuma ya ƙara tsinka ta. Injinan EJ200 guda biyu, kowanne yana tura kusan tan 9 in an kunna wutar baya, wato ana fesa mai kai tsaye cikin bututun hayaƙi. Wannan ƙarfin a bakin teku ake samunsa cikakke. A tudu injin yana shaƙar iska kaɗan, fiffike ma bai samu abin da zai tokara sosai ba. Shi ya sa kafin a tashi ake lissafa nauyi da zafi da tsawon titi.

Abin da ya fi ba makanikai wahala dai yashi ne, kuma ban ga ana ba shi muhimmancin da ya kamata a hira ba. Da farko yana cinye bakin fankokin da ke matse iska. Wanda ya wuce ɗakin ƙonewa sai ya narke, ya manne wa fankokin baya kamar gilashi, ya toshe 'yan ƙananan hudojin da iskar sanyaya su ke fita. Fanka ta rasa sanyi sai ta ƙone ko ta tsage. Don haka ake zura siririyar kyamara cikin injin a duba su ɗaya bayan ɗaya.

Bakin shaƙar iskar Typhoon a ƙarƙashin ciki yake, kusa da ƙasa, tsakuwa ɗaya ta isa ta lalata inji. Ma'aikata kan jeru sahu suna taka filin a hankali, ido a ƙasa, suna tsintar ƙusa da guntun waya. In kuma aka ƙirga kayan aiki aka ga sifana ɗaya ba ta dawo akwatinta ba, jirgin ba ya motsawa sai an gano ta.